Jirgin Kara da Jirgin Tubali

Idan kaka ta yi, aka girbe dawa, kara ya bushe a gona, sai yara su sami kayan aiki. Wani ya yi mota, wani ya yi keke, wani ya yi kejin tsuntsu, wani kuwa ya yi tabarau ya maƙala a fuska yana taƙama. In babu kara, akwai waya, da gwangwani, da marfin kwalba, da langa-langa irin wadda ake ɗaure dilar auduga da ita. Yaro mai hikima ba ya rasa abin ƙira.

Yaran da ke zaune a Kaduna ta kudancin kogi, wajen Maƙera da Kakuri da Barnawa, suna da wani abin kwaikwayo wanda ba kowane yaro ke da shi kusa da gida ba, shi ne jirgin ƙasa. A nan ne tsohuwar tashar jirgi take, wadda ake kira Kaduna Junction, watau Mahaɗar Kaduna.

Amma fa yin jirgi ya fi yin mota wuya. Mota tana bin ko'ina. In ƙafarta ɗaya ta ɗan karkace, za ta tafi dai, ko da tana ɗingishi. Jirgi kuwa ba ya tafiya sai a kan dogo, watau ƙarafan nan biyu da aka shimfiɗa masa. In ƙafafunsa ba su yi daidai da dogon ba, ko taki ɗaya ba zai yi ba. Saboda haka mai yin jirgi, ko na gaske ne ko na wasa, ba zai tsira da ƙiyasin ido ba. Tilas ne ya yi awo.

Yadda Jirgi Ya Zo Kaduna

A ƙasar Ingila aka fara jirgin ƙasa mai ɗaukar jama'a. A shekara ta 1825 wani injiniya mai suna George Stephenson ya tuƙa kan jirgi mai aiki da tururi a kan layin da ya haɗa garuruwa biyu, Stockton da Darlington. A 1830 kuma aka buɗe layi tsakanin Liverpool da Manchester. Daga nan sai abin ya bazu cikin duniya.

A ƙasarmu, an fara shimfiɗa layin Arewa a 1907 daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara. Layin ya bi ta Minna, ya ƙetare kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Bayan haka aka haɗa shi da layin da ya taso daga Ikko. A lokacin nan Kaduna ba ta zama babban gari ba tukuna. Hanyar jirgi da ruwan kogi suna cikin dalilan da suka sa Turawan mulki suka zaɓi wurin, har suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka mai da ita Kaduna a 1917.

Sa'an nan aka jawo wani layi daga Fatakwal, ya bi ta Inugu inda ake haƙar kwal, ya bi ta Makurɗi da Kafancan, ya zo ya sadu da na farko a kudancin kogin Kaduna a 1927. Dalilin da ya sa aka kira tashar nan mahaɗa ke nan. An gama babbar gadar da ta ƙetare Binuwai a Makurɗi a 1932. Jirage suka yi ta kai da kawowa, suna sauka da gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, suna hawowa da gishiri da kananzir da kayan kanti. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. A 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙa a Kakuri, ba nisa da layin. Ma'aikata suka taru daga ko'ina, unguwanni suka cika.

Tsohon layin yana nan shimfiɗe har yanzu, ko da yake jirage ba su yawaita a kansa kamar dā ba. A 2016 an buɗe wani sabon layi daga Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186. Tasharsa tana Rigasa.

Layi Biyu, Awo Biyu

To, ga abin mamaki. Jirgin da ke zuwa Rigasa daga Abuja ba zai iya hawa tsohon layi ya shiga Mahaɗar Kaduna ba. Haka kuma jirgin tsohon layi ba zai iya bin sabon ya tafi Abuja ba. Dukansu jirage ne, dukansu kuwa a kan ƙarfe suke tafiya. Me ya hana su?

Abin da ya hana su shi ne awo. Tsakanin ƙarafan tsohon layi ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067. Tsakanin ƙarafan sabon layi kuwa ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435. Wannan na biyu shi ne awon da Stephenson ya yi amfani da shi, shi ne kuma ya fi yawa a duniya yau. Bambancin da ke tsakaninsu milimita 368 ne kawai, bai kai kamu ɗaya ba. Duk da haka ya isa ya raba jirage biyu har abada.

Kowane awo da amfaninsa. Ƙaramin layi ya fi arahar shimfiɗawa, kuma yana iya shan kwana a wuri mai duwatsu. Babban layi ya fi tsada, amma jirgi ya fi zama daram a kansa, yana kuma iya gudu ƙwarai ba tare da tangaɗi ba.

A dā ma an yi wani layi wanda ya fi waɗannan duka ƙanƙanta, daga Zariya zuwa ƙasar Jos, don ɗaukar kuza. Faɗinsa ƙafa 2 ne da inci 6. In kaya suka iso Zariya, sai an sauke su an sāke lodi a wani jirgi, gama taragon wancan layi ba ya hawa wannan. An rufe shi a 1957.

Duk yaron da ya gane wannan ya riga ya san rabin sirrin yin jirgin wasa.

Wa da Ƙane

A ce ga wa da ƙane a wani gida a Kakuri, kowannensu ya yi niyyar yin jirgi. Ƙanen ya ɗauko kara, ya fere ɓawon, ya yanyanka totuwar, watau farin nan mai taushi da ke ciki. Ya yi ta soka tsinken ɓawo cikin totuwa yana haɗawa. Kafin la'asar ya gama tarago uku. Ya jera kara biyu a ƙasa, ya ɗora jirginsa, ya ja. Sai taragon farko ya faɗa tsakanin karan, na biyu ya hau bisa ɗaya ya kife, na uku ya tsaya cik.

Ya dubi wansa ya ce, "Yaya, karan nan ba shi da kyau."

Wan ya ce, "Karan lafiyarsa lau. Kawo rula mu gani."

Da suka auna, sai suka tarar tsakanin ƙafafun taragon farko santimita 3 ne, na biyu santimita 4, na uku kuwa 5. Ashe jirage uku ya yi na ƙasashe uku, yana so su bi hanya ɗaya.

Shi wan, ranar farko bai taɓa kara ba. Ya sami hoton tarago ya ƙura masa ido. Ya ƙirga tagogi, ya ƙirga ƙafafu, ya duba inda ƙofa take. Ya zana abin da ya gani a takarda. Sa'an nan ya zauna ya yi lissafi.

Ga yadda lissafin yake. Mai ƙira ya kan zaɓi wani ɗan awo ya ce, wannan shi ne a madadin mita ɗaya. A ce ya zaɓi santimita 3. In tsawon taragon gaske mita 20 ne, nasa zai zama santimita 60. In faɗinsa mita 3 ne, nasa zai zama santimita 9. In tsayinsa mita 4 ne, nasa santimita 12. In faɗin ƙafar jirgi ya kusa mita ɗaya, tasa za ta zama kamar santimita 3, watau wajen girman marfin kwalba ke nan. Tsakanin ƙarafan tsohon layi ya ɗara mita ɗaya kaɗan, saboda haka tsakanin nasa zai ɗara santimita 3 kaɗan. In kuma yana so ya sa direba a ciki, to, ɗan mutumin da zai gina da yumɓu kada ya wuce santimita 5 ko 6, don kada kansa ya huda rufi.

Wannan shi ake kira ma'auni. Dokarsa ɗaya ce tak: awon da aka rage abu ɗaya da shi, da shi za a rage sauran duka. In aka rage tarago sau talatin, ba za a rage ƙofa sau goma ba. Haka masu zana taswira ke yi, haka magina ke yi kafin su haƙa harsashin gida. A ƙasashen waje, inda ake sayar da ƙananan jirage na wasa, akwai ma'aunai sanannu. A wani an rage jirgin gaske sau 87, a wani sau 76. Wanda ya sayi tarago ya kan tambayi ma'auninsa tukuna, don ya san ko zai dace da sauran kayansa.

Da wan ya gama lissafi, sai ya yanki ɗan tsinke ya yi masa tsaga biyu, tsakaninsu daidai da faɗin layinsa. Da wannan tsinke ya auna kowace ƙafa da ya haɗa, da shi kuma ya auna layin daga farko har ƙarshe. Ba shi ya fara wannan dabara ba. Ma'aikatan da ke gyaran layin gaske su ma suna da sandar ƙarfe ta awo, wadda su kan ɗora a gicciye don su ga ko ƙarafan sun buɗe ko sun matse.

Sirrin Ƙafar Jirgi

Direban mota yana da sitiyari, in ya zo kwana ya murɗa. Direban jirgi ba shi da sitiyari ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya ƙara gudu, ya rage, ya tsaya. To, me ke riƙe jirgi a kan hanya?

Amsar tana jikin ƙafarsa. Wanda ya dubi ƙafar jirgi da kyau zai ga tana da leɓe ta gefen ciki, wanda ya zarce sauran ƙafar. Leɓen nan yana sauka ta cikin dogo. In jirgi ya so ya zame dama, leɓen ƙafar dama ya tokare. In ya so ya zame hagu, na hagu ya tokare. Har wa yau, fuskar ƙafar da ke taka dogo ba a miƙe take sak ba, ta ɗan fi kauri ta wajen leɓe, ta sirance ta waje. Wannan ɗan karkata yana taimakon jirgi ya komo tsakiyar hanya da kansa, yana kuma taimakonsa a kwana. Ƙafafun nan biyu, ta dama da ta hagu, a kafe suke jikin sandar ƙarfe ɗaya, tare suke juyawa.

Mai jirgin kara yana iya kwaikwayon wannan. Ya sami tsohon silifa ya yanka ƙawanya biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarama, ya manna su. Ƙaramar ita ce mai taka layi, babbar ita ce leɓe, ta ciki za ta kasance. Ya huda su a tsakiya daidai, gama in hudar ta kauce, tarago zai riƙa tsalle kamar kwaɗo. Sa'an nan ya zura su a waya madaidaiciya.

Abu na biyu shi ne kwana. Tarago dogo ne, kuma ba ya lanƙwasa. In aka kafa masa ƙafafu a jikinsa gaba da baya, zai tafi lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ya zo kwana sai ya goce. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne, su kan yi ɗan amalanke mai ƙafa huɗu, su sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, su ɗora taragon a bisa. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe kowane amalanke a tsakiya, yana juyawa a jikinta. In aka zo kwana, amalanken ya juya ya bi layi, taragon ya biyo shi. Murfin gwangwanin sadin ko ɗan guntun katako, da ƙusa ɗaya, sun isa yaro ya yi irin wannan.

Abu na uku shi ne nauyi. Kara ba shi da nauyi, iska kaɗan ta ishe shi. In aka sa ɗan dutse ko curin yumɓu a ƙasan tarago, zai zauna sosai. In aka ɗora nauyin a rufi, kifewa zai yi. Nauyi a ƙasa ake son sa.

Game da kan jirgi kuwa, sai mai ƙira ya zaɓi irin da yake so. Na dā da tururi yake aiki. Yana da doguwar tukunya a kwance, wadda gwangwani zai yi daidai da ita, da bututun hayaƙi a gaba, da ɗakin direba a baya, da ɗan tarago mai ɗauke da kwal da ruwa. Ana hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura wani ƙarfe gaba da baya, ƙarfen ya juya ƙafafu. Na yanzu kuwa man dizal yake sha. Injinsa yana ba da wutar lantarki, wutar ce ke juya ƙafafun. Siffarsa kamar dogon akwati take, ya fi sauƙin ƙira.

Akawu da Kafinta

Ba a ƙasarmu kaɗai yara ke son ƙira ba. A birnin Liverpool an yi wani akawu mai suna Frank Hornby. Yana da 'ya'ya maza biyu, ya kan yanka musu ƙarafa su yi wasa. Sai dabara ta zo masa. Ya yi sirantattun ƙarafa masu huda a jere, tsakanin kowace huda da ta kusa da ita rabin inci. Da ƙusa mai zare da noti ake haɗa su. Tun da tazarar hudar ɗaya ce, kowane ƙarfe yana haɗuwa da kowane. Yaro ya yi gada yau, gobe ya kwance ya yi mota. Hornby ya yi rajistar dabararsa a 1901, daga baya aka sa wa kayan suna Meccano. A 1920 ya fara sayar da ƙananan jiragen ƙasa waɗanda ake murɗa wa makulli kamar agogo.

A ƙasar Danmak kuma, a wani ƙaramin gari mai suna Billund, an yi wani kafinta, Ole Kirk Christiansen. A 1932 aiki ya yi ƙaranci, sai ya koma yin kayan wasa na katako. A 1934 ya sa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara yin 'yan tubala na roba. Na farkon ba su riƙe juna sosai, in aka ɗaga gini sai ya wargaje. A 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar wata gyara. Kowane tubali yana da 'yan maɓallai a bisa, aka kuma sa masa 'yan bututai a ciki ta ƙasa. In aka danna tubali a kan wani, maɓallan na ƙasa su shige tsakanin bututan na bisa su kama gam. Ba a bukatar gam ko ƙusa, in kuma an so a raba su, hannu ya isa.

Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Ba su sāke wannan awo ba. Tubalin da aka yi a 1958 yana kama wanda aka yi bana. Masu lissafi sun ƙididdige cewa tubala shida masu launi ɗaya, kowanne da maɓalli takwas, ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Yawan nan duka daga awo ɗaya ya fito.

A 1966 kamfanin ya fitar da jirgin ƙasa na tubali mai tafiya da batir a kan shuɗin layi. Taragon irin jiragen nan da maganaɗisu suke kama juna. Kayan su kan zo cikin kwali, tare da takarda mai nuna yadda za a haɗa su mataki-mataki.

Gardamar Shida da Takwas

Akwai mutane, har da manya masu iyali, waɗanda ba su tsaya ga takardar da ke cikin kwali ba. Su kan nemi hoton wani jirgi na gaske da awonsa, su zauna su tsara nasu, su tattara tubala daga kwalaye dabam-dabam su gina. Wani jirgin ya kan ci watanni. Suna da ƙungiyoyi, su kan taru su haɗa layukansu wuri ɗaya, jama'a su zo kallo. Abin da ya sa haɗin ke yiwuwa shi ne faɗin layin kowa ɗaya ne.

Akwai wata tsohuwar gardama a tsakaninsu. Yawancin jiragen da kamfani ke sayarwa faɗinsu maɓalli shida ne, watau milimita 48. Waɗansu maƙeran suka ce wannan ya yi siriri. Hujjarsu ita ce, taragon gaske ya kan kai kamar ninki biyu na faɗin layinsa, layin tubali kuwa ya kusa milimita 38. Saboda haka su kan yi nasu da faɗin maɓalli takwas, watau milimita 64, don ya fi kama da na gaske, a kuma sami wurin sa kujeru da sauran ƙananan abubuwa.

Masu shida suka ce, to, ai ba a nan magana ta ƙare ba. In aka ƙara faɗi, tilas a ƙara tsawo da tsayi, gama dokar ma'auni ke nan. Jirgi ya yi nauyi, ya ci tubali da yawa, ya ci kuɗi, injin ya wahala wajen jansa. Ga kuma kwana. Guntayen layi masu lanƙwasa da kamfani ke yi, in aka haɗa goma sha shida sai su ba da da'ira cikakkiya, kwanarsu kuwa matsattsiya ce. Dogon tarago in ya shiga irin wannan kwana, cikinsa ya leƙo ta gefe ɗaya, kansa ya leƙo ta ɗaya, har ya bugi abin da ke bakin hanya. Waɗansu kuma suka raba gardama suka ɗauki bakwai.

Ba wanda ya ci wannan gardama, gama kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma a lura da abin da suke jayayya a kai: faɗi, da tsawo, da nauyi, da kwana. Su ne abubuwan da suka dami wa da ƙanen nan na Kakuri, su ne kuma suka dami waɗanda suka shimfiɗa layi daga Baro zuwa Kano. Tubalin roba yana da tsada, ba kowane uba ke iya saya wa ɗansa ba. Amma wanda ba shi da shi bai rasa darasin ba. Hasali ma mai tubali an riga an yi masa rabin awo a masana'anta. Mai kara shi ke yin nasa duka, daga farko har ƙarshe.

Gargaɗi

Mai son ganin jirgi don ya kwaikwaya, ya tsaya nesa da layi, kuma ya tafi tare da babba. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, jirgi kuma nauyi gare shi. Ko direba ya hangi mutum ya taka birki, jirgin zai yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, ba shi kuwa da ikon kaucewa. Tsohon layi ma da aka daɗe ba a ga jirgi a kansa ba, ba wurin wasa ba ne, gama ba a san ranar da wani zai biyo ba. Kada a ɗora ƙusa ko marfin kwalba ko dutse a kan dogo don jirgi ya taka. Kada a shiga ƙarƙashin taragon da ke tsaye. Kada a cire ko da noti ɗaya daga layi don a yi abin wasa. Wannan sata ce, tana kuma iya jawo asarar rayuka. Rigakafi ya fi magani.

A wajen aiki kuma, ɓawon kara yana yanka kamar reza, bakin gwangwani ma haka. In ana fira, a riƙa tura wuƙa waje, ba wajen jiki ba. Ƙananan yara su bar wa yayyensu yanka, su su yi awo da haɗi.

Shi ƙanen nan, bai jefar da taragonsa ba. Ya ari tsinken awo na wansa, ya zare ƙafafun duka, ya sāke sa su ɗaya bayan ɗaya, yana aunawa. Aikin ya ci masa kwana biyu. Ran na uku suka haɗa taragonsu da 'yan ƙugiyoyin waya, suka shimfiɗa layi daga bakin zaure zuwa gindin rijiya. Wan ya riƙe zare ya ja, ƙanen ya yi kukan jirgi da baki. Tarago shida suka bi juna har ƙarshen layi, ba wanda ya goce.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran tsohuwar tashar Kaduna mahaɗa?
2. A wace shekara jirgi ya isa Kano?
3. Don me jirgin Abuja ba zai iya bin tsohon layi ba?
4. Mene ne amfanin leɓen da ke jikin ƙafar jirgi?
5. In santimita 3 ne a madadin mita ɗaya, santimita nawa za a ba gada mai tsawon mita 15?
6. Tubali mai faɗin maɓalli shida milimita 48 ne. Milimita nawa ne mai maɓalli bakwai?
7. Faɗi hujja ɗaya ta masu shida, da hujja ɗaya ta masu takwas.

Aiki

Kowane ɗalibi ya yi tarago ɗaya da kara. Kafin a fara, aji duka ya yarda da awo ɗaya, a yanka wa kowa tsinken awo. In an gama, a haɗa taragon duka a kan layi ɗaya a filin makaranta, a ja a gani.